Saƙon godiya ga jama'armu ta Kebek a ƙasar Kanada, tare da bayani kan diyyar raunin hatsarin mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, an sallami ɗan'uwanmu da hatsarin mota ya rutsa da shi daga asibiti, yana gida yana ci gaba da zuwa gashi, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, kuma kuɗin da ke maye gurbin albashinsa sun fara shigowa. A madadin iyalinsa muna godiya ga iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayye da ƙanne na Montreal da kewaye, da 'yan'uwa na gida Nijar da Najeriya da suka yi ta kira da addu'a. Waɗanda suka kwana a asibiti, da matan da suka raba girki a tsakaninsu, da samarin da suka riƙa kai yara makaranta, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Godiya ta musamman ga masu jin Faransanci da suka zauna suka karanta mana wasiƙu layi-layi. Aikinsu bai fito fili ba, amma a kansa komai ya rataya.

Masu zuwa dubiya da dama sun yi tambaya iri ɗaya: wa zai biya, kuma za a kai direban kotu ne? Shi ya sa muka haɗa godiyar da bayanin tsarin.

A lardin Kebek raunin jiki a hatsarin mota yana ƙarƙashin inshorar gwamnati ne, wadda hukumar SAAQ ke gudanarwa. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Maris 1978, zamanin gwamnatin René Lévesque, kuma minista Lise Payette ce ta jagorance ta. Ginshiƙinta shi ne ba a duban mai laifi. Direba, fasinja, mai babur, mai keke, mai tafiya a ƙasa, duk mazaunin Kebek da mota ta ji wa rauni yana da haƙƙi, ko shi ya jawo hatsarin ko ba shi ba, ko a nan ya faru ko a wata ƙasa. A maimakon haka doka ta rufe ƙofar ƙara: ba a kai kowa kotu a Kebek don neman diyyar raunin jiki. Kuɗin kuwa daga aljihunmu suke fitowa, cikin abin da muke biya na lasisin tuƙi da rajistar mota.

A nan muke so dattawanmu su tsaya kaɗan. Wasu cikin kyakkyawar niyya sun ba da shawarar a yafe, ƙaddara ce, kada a ɗora wa bawan Allah nauyi. Yafiya abu ne mai kyau, kuma iyalin sun yafe. Sai dai neman diyya a wannan tsari ba ya taɓa direban da ko sisi. Wanda ya ƙi cike takarda don ya yafe, direba bai ƙaru da komai ba, iyalinsa kawai ya tauye. Hukuncin tuƙin ganganci ko tuƙi cikin maye kuma hanyarsa daban, tsakanin 'yan sanda ne da kotun laifuka. Lalacewar mota ma galibi ba ta shafi SAAQ ba, aikin kamfanin inshora mai zaman kansa ne, inda doka ta wajabta wa mai mota inshorar ɓarnar da zai yi wa dukiyar wasu ta aƙalla dala 50,000.

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce rahoton likita na farko. Hukuma tana biyan raunin da aka nuna alaƙarsa da hatsarin ne, kuma wannan rahoto ne ma'auninta. Abin da ke ɓata lamari shi ne dauriyarmu. Mutum ya karye a ƙafa, wuyansa na ciwo, kansa na juyawa, amma likita ya tambaye shi sai ya ce da sauƙi, ƙafar ce kawai. Bayan wata biyu wuya ya ƙi juyuwa, a koma a ce daga hatsarin ne, sai a buɗe rahoton farko a ga babu wuya a ciki. Daga nan jayayya ta fara. A faɗa wa likita komai: ciwon kai, jiri, mantuwa, rashin barci, firgita idan an shiga mota, haƙorin da ya girgiza. Ciwon wuya da girgizar ƙwaƙwalwa sukan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka ko an sallami mutum a ranar, in wani abu ya taso a koma a sa a rubuta. In majinyaci ba ya jin Faransanci ko Turanci sosai, kada a bar shi shi kaɗai da likita.

Bayan haka a buɗe fayil a hukumar SAAQ, a karɓi lamba, a rubuta ta a kan kowace takarda da kowane rasit. Doka ta ba da shekara uku don shigar da buƙata, amma jira ba shi da amfani, domin ba a fara biya sai fayil ya cika. Za a nemi bayanin hatsarin, lambar rahoton 'yan sanda in akwai, rahoton likita, da shaidar albashi daga wurin aiki. Idan hatsarin ya faru mutum yana bakin aikinsa, misali mai rarraba kaya da motar kamfani, hukumar CNESST ta raunin ma'aikata ake fara nufa. Kuskuren ƙofa a nan yana cin makonni.

Kuɗin maye gurbin albashi kashi 90 cikin 100 ne na abin da ke saura bayan an cire haraji, kuma akwai iyakar albashin shekara da ake lissafi a kai, wadda ake sabuntawa duk shekara. Kwana bakwai na farko ba a biya. Daga nan ana biya duk kwana 14. Wannan giɓi na farko, haɗe da lokacin da ake nazarin fayil, shi ne inda gudummawarku ta riƙe gidan, kuɗin haya bai makara ba. Ga wanda ake biyansa a hannu ba takarda, a nan zai gane kurensa: albashin da ba a rubuta ba da wuya a tabbatar da shi. Mai sana'ar kansa kuma takardun harajinsa za a nema.

Wanda ba shi da aiki ranar hatsarin, ko yake aikin wucin gadi, lissafinsa yana canzawa a rana ta 181. Daga ranar hukuma take zaɓar masa wani aiki bisa iliminsa da ƙwarewarsa, ta lissafa diyya a kansa in har rauni ya hana shi yin aikin. Baƙi da yawa a nan ake tauye su, domin mai digiri daga Yamai ko Zariya da ke aikin sito ba ya tunanin miƙa takardun karatunsa. A miƙa su duka, da shaidar ayyukan da aka yi a gida. Ɗalibin da ya rasa zango ko shekarar karatu yana da nasa dunƙulallen kuɗi. Haka wanda ya warke amma ya tarar aikinsa ya tafi saboda hatsarin, ana ci gaba da biyansa na wani lokaci, daga kwana 30 har zuwa shekara guda, gwargwadon tsawon jinyarsa.

Sai ƙananan kuɗaɗen da mutane ke bari su zube. Jinyar asibiti katin lafiya na RAMQ, hukumar inshorar lafiya ta lardin, ke ɗauka, amma magani, gashi, motar asibiti, zirga-zirgar ganin likita, tabarau da tufafin da suka lalace, SAAQ na mayar da kuɗinsu bisa ƙa'ida da iyaka. Gashi sai da rubutun likita, kuma akwai farashin da hukuma ba ta wucewa a kowane zama, don haka a tambayi wurin gashin tun farko ko akwai cikon da majinyaci zai yi. Akwai kuɗin taimako a gida ga wanda ba ya iya wanka ko girki da kansa, akwai na kula da yara, akwai kuma alawus na mai rakiya in lafiyar majinyaci ta wajabta a raka shi. Matan da ke wannan hidima sukan ce ai aikin lada ne. Lada na nan, amma a rubuta ranaku da awanni.

Diyyar tabo, naƙasa da raɗaɗi dunƙule ake biyanta, kuma ba a auna ta sai rauni ya tsaya inda zai tsaya. Kada a ƙosa. Hukuma na iya tura majinyaci wurin likitan da ta zaɓa, kuma ƙin zuwa ba dalili yana iya sa a dakatar da biya.

Kowace shawarar da SAAQ ta yanke a rubuce take zuwa, kuma kwana 60 ne kacal na neman a sake dubawa. In sakamakon bai gamsar ba, akwai wasu kwana 60 na kai batun kotun TAQ mai sauraron ƙorafi kan hukumomin lardi. Wasiƙar da aka ajiye a kan firiji har sai mai Faransanci ya zo ziyara, ita ke cinye wa'adin. A buɗe ta ranar da ta zo, a rubuta kwanan watan a bayan ambulan. Maganar da aka yi da jami'i a waya ba ta tsayar da wa'adi.

Masu gayyato iyaye ziyara kuma su lura. Baƙon da ke cikin mota mai rajistar Kebek, direba ne ko fasinja, ana ɗaukarsa kamar mazauni in hatsarin a Kebek ya faru. Amma in a ƙasa yake tafiya mota ta buge shi, ana rage diyyarsa gwargwadon laifinsa. Inshorar tafiya kafin su taso ba almubazzaranci ba ce.

Har yanzu ana buƙatar masu mota da za su riƙa kai majinyacin gashi da safe a ranakun aiki. Dubiya kuma likita ya ce a taƙaita, don haka bayan La'asar ya fi, mutum biyu ko uku a lokaci guda. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu a kan hanya, ya bar zumunci.

Daga iyalan majinyacin da masu kula da takardunsa, Montreal.