Na yi leza a bazarar Kano: abin da ya sami haɓata

Tun ina aji biyu a jami'a gashi ya fara fito mini a haɓa. Da farko sili uku ne ko huɗu, sai in sa hantsaki in tsige kafin in fita lacca. Kafin in gama karatu ya bazu har ƙarƙashin muƙamuƙi, mai kauri, baƙi wuluk. Likitar mata ta ce matsalar ƙwan mahaifa ce da ake kira PCOS, wadda ke sa sinadarin da ya fi yawa a jikin maza ya hau a jikin mace. Duk bayan sati biyu ina wurin mai halawa. Gashin ya fita, ƙuraje su maye gurbinsa, kowane ƙurji ya bar baƙin tabo. Hijabina kullum a ja yake har leɓen ƙasa. Wadda ba ta da wannan matsala ba za ta san yadda take cin rai ba.

A farkon watan Maris na 2024, saura kwanaki a fara azumi, wata ƙawata ta kai ni wani shagon gyaran jiki da ya kawo na'urar cire gashi da haske, wadda ake kira leza. Wuri ne mai tsabta, ga sanyin esi, ga ƙamshi. Yarinyar da ta karɓe ni ta ce, "Anti, minti goma sha biyar ne kawai, sai ki manta da halawa." Ta ba ni baƙin tabarau, ta shafa mini wani abu mai sanyi mai yauƙi, ta fara. Kowane bugu ji nake kamar an ja roba an sake mini a fata, ga ƙaurin gashi yana tashi. Na koma gida haɓata ta yi ja kaɗan, washegari ta washe. Bayan kamar kwana goma gashin ya riƙa zubewa da kansa in ina alwala. Ranar na yi kuka don murna.

Zama na biyu ya faɗo bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki. Duk wanda ya yi azumin waccan shekarar a Kano ya san irin zafin da aka sha: rana na wuce digiri 40, wuta ba ta zama, ruwan tanki da azahar sai ka ce an sauke shi daga murhu. Na yi cefanen sallah a Kwari da Sabon Gari da tsakar rana, na je idi, na yi kwana uku ina yawon gaishe-gaishe a adaidaita sahu. Ban shafa komai na kariya daga rana ba, domin a lokacin na yarda da abin da kowa ke faɗa, wai baƙar fata ta saba da rana. Akwai kuma wani abin: mako uku kafin sallah na fara shafa wani haɗin mai da aka sayar mini a gwangwani marar suna, don tabon ƙurajen ya dushe. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Yarinyar ta ce tunda na farko ya yi kyau za ta ƙara ƙarfin na'urar. Bugu na uku na ji zafin ya bambanta, yana shiga ciki kuma ba ya wucewa. Na ce mata da zafi, ta ce alamar yana aiki ne. Na daure. Daga can na hau adaidaita da ƙarfe biyu na rana, na iso gida na shiga kicin na tsaya kan tukunyar tuwo, tururi na dukan fuskata. Kafin isha haɓata ta kumbura. Da safe na duba madubi na ga ƙananan bororo guda biyar a jere, kowanne da siffar bakin na'urar, mai kusurwa huɗu, kamar an buga hatimi.

Umma ce ta fara gani. Ta riƙe haɓata da yatsu biyu ta juya ta wajen haske, ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Ɗauko mayafinki, asibiti za mu." Maƙwabciyarmu ta kawo shawarar man goge baki, wata ta ce ɗanyen ƙwai. Umma ta hana. Ƙanƙara muka saya, ta naɗe ta a hankici mai tsabta, ina dannawa a hankali har muka isa.

Likitan fatar da muka gani dattijo ne mai magana a nutse. Kafin ya kalli ƙunar ya ce in ɗan ja hijabina baya, ya miƙo mini madubi. "Dubi nan, 'yata." Daga inda hijabi ke tsayawa akwai layi a fili: fuskata ta fi gefen kunnena duhu sosai. Ya ce wannan aikin ranar watan nan ne, kuma shi ne rabin bayanin abin da ya same ni.

Yadda ya fahimtar da ni, hasken leza ba ya ganin gashi, launi yake nema. Sinadarin melanin da ke sa gashi baƙi shi ke zuƙe hasken, ya mayar da shi zafi, zafin ya kashe saiwar. To wannan melanin ɗin shi ne a fatarmu, kuma rana na ƙara shi. Idan fata ta yi duhu fiye da yadda take a zaman da ya wuce, ƙarfin da bai yi komai ba a Maris zai iya ƙona ta a Afrilu, balle an ƙara. Ya ce likitoci na kasa fata gida shida, a ma'aunin da wani likitan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da shi a 1975, kuma yawancinmu muna gida na biyar ko na shida. Wa irin fatarmu na'urar da aka fi amincewa da ita ita ce Nd:YAG, mai tsawon zangon haske nanomita 1064, domin haskenta na ratsa saman fata ya sauka can wajen saiwa. Da na nuna masa hoton na'urar shagon a wayata sai ya girgiza kai. Ashe ma ba leza ba ce, IPL ce, mai watsa haske iri-iri a lokaci guda, wadda ta fi dacewa da farar fata mai baƙin gashi.

Sai ya tambayi abin da nake shafawa. Na fito da gwangwanin. Ya ce irin waɗannan haɗe-haɗe sau da yawa akwai sinadarin bilicin da maganin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, suna sa fata ta yi siriri ta kasa jure zafi. Ya ce in daina daga ranar. Wannan ɓangaren nawa ne, kuma har yau ina jin ciwon shirun da na yi. Amma ina ganin duk mai riƙe irin wannan na'ura wajibinsa ne ya tambaya, ya kuma gwada a ɗan wuri ƙarami ya jira kwana biyu kafin ya bi fuskar mutum gaba ɗaya.

Bororon ya warke cikin kwana goma. Abin da ya biyo baya ne ya daɗe: tabo biyar baƙi ƙirin, sun fi duk tabon da na je gogewa. Fatarmu haka take, duk inda ta ji rauni sai ta zuba launi a wurin, rana kuma ta ƙara masa zama. Likita ya rubuta mini mai na azelaic acid, da man kariya daga rana mai SPF 50, ya ce in nemi mai ɗan launin hoda, saboda yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun tabo a baƙar fata. Kwalbar farko da na saya fara ce, na shafa na fito kamar an bulbule ni da toka, sai da na canza sau biyu na sami wadda ta bi fatata. Wahalar ita ce maimaitawa: a rana duk bayan awa biyu, ga gumi, ga alwala. Na koma ajiye ƙaramar kwalba a jaka kusa da carbi, in na idar da azahar da la'asar in sake shafawa. Na daina fita tsakanin sha ɗaya da huɗu sai dole, in kuwa dole ne, da lema. Wata biyar aka ɗauka kafin tabon ya dushe.

Na tambayi likitan ko in jira hunturu kafin in sake gwadawa, don duk abin da na karanta a intanet cewa yake a bari sai lokacin sanyi. Ya ce wannan shawarar mutanen Turai ce, inda rana ke yin rauni wata da watanni. Mu nan ranarmu da ƙarfinta duk shekara, ko da hazo ko da hadari, kuma a hunturu fata na bushewa ta tsage. Aikin kuma zama shida ne zuwa takwas, tsakaninsu sati huɗu zuwa shida, saboda ba duk gashi ke tsirowa lokaci ɗaya ba, kuma hasken na kama wanda ke cikin girma ne kawai. Ko yaushe ka fara, sai ka ratsa wani zafin. Abin dubawa shi ne ko za ka iya kare wurin sati biyu kafin zama da sati biyu bayansa. Watan da ke da sallah ko biki ko tafiya, a ɗaga.

Na sake farawa a Oktoba, a asibiti, da Nd:YAG. An gwada a ƙarƙashin muƙamuƙi, na dawo bayan kwana uku aka duba. An hana ni halawa da hantsaki, domin in an tumɓuke saiwar babu abin da hasken zai kama. Reza kawai, kwana ɗaya kafin zama. Na ji tsoron rezar don an ce tana ƙara gashi, likita ya ce ba ta ƙarawa, bakin gashin da aka yanke ne ke yin kaushi. Dilka ma na ajiye ta a fuska. Nakan karɓi layin ƙarfe biyar na yamma don in fito rana ta yi sanyi, kuma ranar ƙanwata ke girki. Ruwan randa nake wanke fuska da shi kwana biyu, ba turaren tsuguno, ba wanka da ruwan zafi.

Zama na biyar da na shida sun faɗo a bazarar 2025, cikin irin zafin da ya ƙona ni a 2024. Kafin kowanne ma'aikaciyar jinyar takan ja hijabina baya ta duba layin nan, ta tambayi maganin da nake sha, domin wasu, irin su doxycycline da ake bayarwa don ƙuraje, na sa fata ta ƙi haske. Sau ɗaya ta mayar da ni gida, ta ce na sha rana, in dawo bayan sati biyu. Na ji haushin kuɗin mota, amma na dawo.

Gashin bai ƙare duka ba, kuma an faɗa mini tun farko cewa da PCOS ba zai ƙare ba. Abin da ya rage siriri ne, jefi-jefi, reza sau ɗaya a sati uku ta isa, kuma zan riƙa komawa lokaci-lokaci. Ƙurajen sun tafi. Daga cikin tabo biyar ɗin, huɗu sun ɓace. Na biyar yana nan a gefen hagu, in na tsaya kusa da taga da safe ina ganin kusurwoyinsa.