Kwantena ba katanga ba ce

Jiya na zauna duba wani kulasta (tarin sabobi) na Kubernetes, manhajar da ke kula da kwantenoni (akwatunan da ake gudanar da manhaja a ciki), da muka gada a wurin aiki, wallahi sai da kaina ya yi ciwo. Kusan duk kwantenonin a matsayin root (mai cikakken iko) suke gudu, dama haka Docker, manhajar haɗa kwantena, yake yi in ba ka sa USER a Dockerfile (fayil ɗin umarnin haɗa kwantena) ba, kuma mutane mantawa suke kwantena kenel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ɗaya take rabawa da sabar da take kai, in ɓarawo ya samu kafa ya fito to ya shigo gida ke nan.

Amma abin da ya fi ba ni haushi Secrets ne, inda Kubernetes ke ajiye kalmomin sirri da makullai. Sunan ne kawai, base64 ne fa, sauya fasalin rubutu kawai ba kullewa ba, yaro ma zai warware shi, sai ka kunna ɓoye bayanai a etcd (ma'ajiyar bayanan kulasta) da kanka sannan ka matse RBAC (tsarin wa ke da izinin me), ba kowa ka ba cluster-admin (cikakken iko a kulasta) don kana sauri ba.

Pod (ƙunshin kwantena ɗaya ko fiye) kuwa kowanne yana magana da kowanne har sai ka rubuta NetworkPolicy, dokar wa zai yi magana da wa. A 2018 haka aka samu dashbod (shafin sarrafawa) ɗin Kubernetes na kamfanin Tesla babu kalmar sirri, wasu suka shiga suna haƙar kirifto. Gobe da NetworkPolicy zan fara in Allah ya kai mu.