Godiya ga Waɗanda Suka Rufa Mini Asiri Lokacin da Na Rasa Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida da na Kano cewa Allah cikin ikonsa Ya kawo ƙarshen zaman rashin aikin da na shiga tun tsakiyar shekarar 2024, domin a yanzu na kama aiki a matsayin mai kula da sito a wani injin gyaran shinkafa da ke kusa da Haɗeja. Na ga ya zama wajibi in fito fili in yi godiya, saboda mutanen da suka riƙe ni a wannan tsakani suna da yawa, kuma mafi yawansu sun yi abin da suka yi ne a ɓoye. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin na san da yawa daga cikinku ba za su so hakan ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san yadda abin ya faro ba, na shafe sama da shekara ashirin ina aiki a wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano, inda na fara daga mai ƙirga kaya har na zama shugaban sito. Duk wanda ya yi aiki a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya san cewa masana'antun Kano sun daɗe suna ciwo, tun kafin mu ma mu shiga cikinsu. Amma abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, ya fi ƙarfin masana'antu da dama, musamman masu sayo kayan haɗi daga waje da dala. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Ni da ke riƙe da littafin shige da fice na kaya, na ga alamun tun kafin a yi magana, domin motocin da ke zuwa ɗaukar kaya sun ragu, injuna kuma aka koma kunna su rabin yini. Duk da haka, ranar da aka liƙa sunayenmu, mu da aka sallama daga aiki, a allon bakin ƙofa, aka ce in miƙa makullan sito da katin shaidata ga wani yaro da ni na koya wa aiki, sai da ƙafafuna suka yi sanyi. Shekaruna 47 a lokacin, ina da iyali, ga yara a makaranta, ga kuɗin haya yana jira.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana ga mahaifiyata, wadda da na kira ta na shaida mata, ba ta tambaye ni komai ba sai cewa ta yi: "Ka tattaro iyalinka ka dawo gida, gonar mahaifinka tana nan." Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki.

Sai maiɗakina, wadda ban san da wane baki zan gode mata ba. Mace ce da ta saba da ruwan famfo da kasuwa a kusa, amma ta dawo ƙauye ba tare da ta taɓa nuna mini a fuska cewa an rage mata wani abu ba. Ta sayar da tumakinta biyu da ta daɗe tana kiwo a wurin Inna, ta sayi gyaɗa, ta fara yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da wannan sana'ar aka riƙa sayen sabulu da gishiri da littattafan yara na tsawon watanni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk ranar da ta samu ciniki, sai ta naɗe kuɗin cefane ta saka mini a aljihun rigata da ke rataye, domin da safe in fitar da su da hannuna in ba ta a gaban yara, kamar yadda aka saba tun muna Kano. Har yau yaran ba su san haka aka yi ba, sai dai idan manyansu sun karanta wannan rubutu. Na ga ya dace su sani, domin su san wace ce mahaifiyarsu.

Yayana kuma, wanda ya riƙe gonarmu ta gado duk shekarun da nake birni, ya yanka mini kaso tun kafin in buɗe baki, ya ba ni iri, ya ara mini shanun huɗa. A tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma rumbuna suka yi ƙasa, na tashi wata rana da asuba na tarar da buhun gero a jingine a cikin zaure, an ɗaure bakinsa da irin igiyar kabar da na san daga gidansa take. Da na yi masa maganar, sai ya ce shi bai san zancen ba, ya kawar da kai ya shiga wata hira. Yaya, na sani, kuma Allah Ya fi ni sani. Haka kuma ya yi haƙuri da ni a gona, domin hannun da ya yi shekara ashirin yana riƙe da biro ba ya komawa fartanya cikin sauƙi, kuma ya sha dawowa da yamma ya gyara kunyar da na nome ba tare da ya faɗa mini ba.

Ina so in ɗan tsaya a kan neman aiki, saboda a nan ne na fi shan wuya, kuma na san akwai irina da yawa da ke cikin wannan hali a yau. Wanda ya haura arba'in da biyar idan ya fita neman aiki, abin da ya tara na ƙwarewa shi ne yake zama masa nauyi. Tallace-tallacen ɗaukar ma'aikata da yawa suna ƙayyade shekaru, hatta shirin N-Power na gwamnatin tarayya na sama wa matasa aiki, 'yan shekara 18 zuwa 35 kawai ya riƙa ɗauka. Wasu wuraren kuma ta intanet kawai ake nema, kuma da zarar an shigar da ranar haihuwa shafin yake ƙin wucewa gaba, babu wani mutum da za ka yi wa bayani. Inda na samu aka gan ni ido da ido, an karɓe ni da ladabi, ana ce mini Baba, a ba ni kujera, a duba takarduna a yaba, sannan a ce za a neme ni. Wani manaja ya fito ya faɗa mini gaskiya cewa da albashin da zai ba ni zai ɗauki matasa biyu. Ban ji haushinsa ba, domin ya hutar da ni daga jiran kiran da ba zai zo ba. Amma a ganina masu ɗaukar ma'aikata suna asara a wannan lissafi, musamman a aiki irin na sito da ajiya, inda amana da sanin yadda kaya ke salwanta suka fi ƙarfin jiki muhimmanci.

A wannan fafutuka ina godiya ga ɗan yayata, ɗalibi a Dutse, wanda ya zauna ya tsara mini takardar bayanin aikina a kwamfuta, ya buɗe mini adireshin imel, kuma ya koya mini yadda ake shigar da lissafin kaya a manhajar Excel, abin da a da yara ne ke yi mini shi a ofis. Bai taɓa ƙosawa ba ko da na maimaita tambaya. Wannan ilimi da ya ba ni yana cikin abin da aka gwada ni da shi a wurin da nake aiki yanzu.

Ina kuma godiya ga wakilin ƙungiyarmu ta ƙwadago, wanda ya tsaya tsayin daka a kan haƙƙoƙinmu. Shi ne ya fahimtar da mu cewa dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin rage ma'aikata da yawan waɗanda abin zai shafa, kuma wanda ya yi shekara biyar ko fiye yana da haƙƙin sanarwar wata guda. Da wannan aka zauna da kamfanin, aka biya mu kuɗin sallama, duk da cewa kashi-kashi aka biya kuma an ja lokaci. Shi ne kuma ya nuna mini hanyar asusun fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Ana buƙatar takardar sallama daga aiki da shaidar haihuwa da bayanan asusun banki, kuma waɗanda suka daɗe da rajista sai sun sabunta bayanansu da lambar NIN. Sau ɗaya ake cire wannan kaso, sauran kuma sai mutum ya kai hamsin. Na kawo wannan dalla-dalla ne domin na haɗu da tsofaffin abokan aiki da ba su san da shi ba. A wurin bin wannan haƙƙi ne ma muka gano cewa akwai watannin da aka cire mana kaso daga albashi amma ba a zuba a asusun ba, kuma har yanzu ƙungiya tana bin maganar.

Da kuɗin nan na sayi injin ban ruwa na shiga noman rani. A nan godiyata tana ga maƙwabtana na fadama, waɗanda suka ɗauke ni tamkar ɗalibi duk da cewa na girmi wasunsu. Su suka gargaɗe ni cewa alkama ba ta son jinkiri, dole ta shiga ƙasa tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba domin ta samu sanyin hunturu. Tare muka shiga aikin gayya na sare kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa a wannan yanki namu, tare kuma muka yi gadin tsuntsayen jan baki lokacin da shinkafa ta fara nuna. Abin da na samu bai kai albashi ba, amma ya ciyar da gida, kuma ya raba ni da zaman kashe wando wanda ya fi komai cin raina.

Malam Liman na masallacin unguwarmu ya cancanci godiya ta musamman. A watannin farko na janye jikina daga majalisa, da zarar an sallame salla sai in ɗauki takalmina in wuce gida, saboda ina jin nauyin tambayar da ake yi mini ta yaushe zan koma. Malam ya lura da haka. Bai yi mini wa'azi a gaban jama'a ba, sai ya biyo ni har zaure bayan sallar isha'i, ya ce ƙungiyar manoman garinmu tana neman wanda zai riƙe mata littafi a lokacin rabon taki da iri, kuma shi bai ga wanda ya fi ni sanin wannan aiki ba. Allah Ya gafarta Malam, ka ba ni abin da kuɗi ba sa saye, domin daga ranar na sake jin cewa ina da amfani a cikin mutane. Ina godiya ga Mai Gari da shugabannin ƙungiyar da suka amince da wannan shawara.

Daga wannan littafi ne Allah Ya buɗe ƙofa. Na tsara shi yadda na saba a masana'anta, kowane buhu da sunan wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa, kuma aka gama rabon ba tare da rigimar da aka saba ba. Da kaka ta yi, wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa ya zo sayen shanshera daga hannun ƙungiya, ya nemi ganin lissafi, ya daɗe yana buɗe shafukan, sannan ya tambayi wanda ya rubuta. Bai tambaye ni shekaruna ba. Ya tambaye ni yadda zan gane buhun da aka jiƙa domin ya ƙara nauyi a kan sikeli, da yadda ake jera buhuna a sito domin na farkon shiga ya zama na farkon fita, na ba shi amsa gwargwadon abin da na sani. Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci dukiyarka, Ya ba ni ikon riƙe amanarka. Albashin bai kai wanda na bari a Kano ba, kuma ban ɓoye wa kowa hakan ba, amma babu kuɗin haya a kaina, ina kwana a gidana, ina ganin mahaifiyata kullum, gonata kuma tana hannuna.

Waɗanda suka ba ni bashi ba tare da sanya mini wa'adi ba, da mai shagon unguwa da ya buɗe mini shafi a littafinsa bai taɓa aiko yaro gidana ba, da shugaban makarantar Islamiyya da ya bar yarana suka ci gaba da karatu, ina shaida muku cewa komai yana rubuce a wurina, kuma na fara biya daga albashin farko. Waɗanda kuma suka faɗi maganar da ta sosa mini rai, na yafe musu duniya da lahira, ni ma ina roƙon duk wanda na ɓata wa a lokacin ƙunci ya yafe mini.

Akwai roƙo guda da nake da shi. Cikin waɗanda aka sallame mu tare, har yanzu akwai da dama da ba su samu abin yi ba, kuma ba kowa ne yake da gonar da zai koma ba. A cikinsu akwai masu gyaran injuna da masu aikin wutar lantarki na masana'anta da direbobin manyan motoci, mutane ne magidanta da na zauna da su shekaru masu yawa, kuma zan iya tsaya musu a kan gaskiya da riƙon amana. Duk mai injin casa ko na niƙa, ko mai sito a Dawanau ko Maigatari ko Gujungu, ko wanda ya san inda ake neman irin waɗannan ma'aikata, ina roƙonsa don Allah ya tuntuɓe ni, ni kuma zan haɗa shi da su.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya buɗa wa 'yan uwana da ke nema, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.