Aku da lalle a tsakar gida ɗaya

Akun nan gadonsa na yi daga kawuna, wanda ya sayo shi a Kamaru tun yana tuƙin babbar mota. Lallen kuwa reshe ne na yanko a maƙwabta, na soka a gindin katanga farkon damina.

Lalle bai taɓa ba ni wahala ba. Da ya kama ƙasa, ruwa kaɗan ya ishe shi, ranar bazara kuma ba ta razana shi. Ganyen da aka tsinka lokacin zafi ma ya fi kama hannu. Aski kawai yake so: ka sare kansa, ya yi ta toho. Furanninsa ƙanana ne farare, amma da yamma ƙamshinsu har zaure.

Aku fa, ba ɗan nan ba ne. Mai ruwan toka da jar wutsiya asalinsa dazuzzukan Kamaru, Gabon da Kongo, inda iska ke da laima, yana yawo cikin garke yana cin 'ya'yan kwakwar manja. Da hunturu ya shigo sai na ga ƙafafunsa sun bushe, ya koma figar gashin ƙirjinsa har fata ta fito. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga fesa masa ruwa mai ɗumi da hantsi, na rage gyaɗa, na ƙara gwanda, ayaba da ɗanyar masara. Piya kam guba ce gare shi, ko ɓawonta ba ya kusantar kejin.

Abin da ya fi yi masa magani shi ne mutane. Da na mayar da kejin kusa da madafa, inda mata ke hira, figar ta ragu, ya dawo da surutu. Har yau da muryar kawu yake sallama, har da ɗan tarin da marigayin kan yi.

Masu tambayata inda za su samu irinsa, ina gaya musu cewa tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, domin kamun ya kusa ƙarar da su a wurare irin su Gana. Ga shi kuma aku kan kai shekara 50 a hannun mutum. Shi ya sa tun yanzu na sa babban ɗana yake ba shi abincin safe, don su saba.