Zobe ya tsinke, ba wanda ya lura

Jama'a masu kula da zoben Ethernet a masana'anta (wato suwic-suwic na sadarwa da aka haɗa da waya a jere har na ƙarshe ya koma ga na farko), a riƙa duba lafiyarsa. A tsarin MRP, wanda ke sa sadarwa ta ci gaba in zoben ya tsinke, suwic ɗaya ne manaja: yana toshe ƙofarsa guda (inda ake soka waya) don kada saƙonni su yi ta kewaye, yana kuma aika saƙon gwaji ta ɓangarorin biyu duk milisakan 20. Da saƙonnin gwajin sun daina dawowa, alamar zoben ya tsinke, sai ya buɗe ƙofar, aiki ya ci gaba cikin milisakan 200, muddin na'urorin ba su wuce 50 ba.

Nan ne haɗarin yake. Tunda injuna ba su tsaya ba, zoben kan daɗe a tsinke, sai ranar da waya ta biyu ta katse, wani sashe ya ɓace wa PLC, kwamfutar da ke sarrafa injunan. Shi ya sa dole a kai ƙararrawar "zobe a buɗe" allon ma'aikaci.

A PROFINET kuma, tsarin sadarwar injuna a kan Ethernet, in lokacin da na'ura ke jiran saƙo kafin ta ɗauka sadarwa ta yanke bai kai milisakan 200 ba, za ta iya faɗuwa kafin zoben ya farfaɗo. Wayoyin zoben biyu ma, mai tafiya da mai dawowa, don Allah kar a bi da su bututu ɗaya. Ɓera ɗaya ya ishe su.