Abin da yatsu suka koya mini game da wayar jitar bes

Duk yaron da ya ɗauki jitar bes zai ji magana ɗaya daga bakin manya: yi haƙuri, kanta za ta fito. Gaskiya ne tana fitowa. Bororon makon farko yakan fashe ya warke, fatar kan yatsa ta yi tauri. Amma akwai ciwon da kanta ba ta maganinsa, wanda ke tasowa daga gindin babban yatsa ya haura wuyan hannu. A shagon da nake aikin gyaran kayan kiɗa a nan Legas na ga yara da dama sun jingine jita saboda shi, suna ganin su ne ragwaye. Abin yana yi mini ciwo, domin sau da yawa waya ce kawai ba ta dace da hannunsu ba.

Abin da yatsa ke fara gamuwa da shi shi ne fatar wayar. Kowace wayar bes ƙarfe ne a ciki, an naɗe shi da wani siririn ƙarfe. Idan na naɗin zagayayye ne, za ka ji gargada in ka shafa, kuma ita ce ta cika kasuwa. Kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yi fice da ita a 1966, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, wanda yake son sauti mai kaifi da zai ratsa ganguna. An sami kaifin, yatsu ne suka biya kuɗinsa. Ta sitenles ta fi kowace kaushi, har firet, wato ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, take ci a hankali. Wadda aka shafe da nikel ta fi sauƙin sha'ani, ita nake fara miƙa wa mai koyo, sai dai in fatarsa na yin ƙaiƙayi da ja, don akwai jikin da ba ya shiri da nikel.

Sai mai shimfiɗaɗɗen naɗi, wadda makaɗa ke kira filat. Santsinta kamar gefen cokali, yatsa na zamewa ba ƙara. Da irinta James Jamerson, makaɗin bes na Amurka, ya yi kiɗan kamfanin faifai na Motown, ta kamfanin La Bella, mai kauri, kuma da wuya ya canza ta. A nan mutane ke ruɗewa, suna zaton santsi shi ne laushi. Yawancin filat sun fi masu gargada taurin dannawa, saboda naɗin a manne yake, ba ya barin waya ta lanƙwasa. Fatarka za ta huta, jijiyarka ta ɗauki nauyin. Na Thomastik-Infeld da ake yi a Ostiriya ne suka fita daban, suna da santsi da laushi duka, amma tsadarsu ba ta mai koyo ba ce.

Lambobin jikin fakiti su ma suna magana. In ka ga 45 zuwa 105, kaurin siririyar waya ne da na babbar, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma wannan shi ne matsakaici. In an ɗaure su huɗun a jita mai tsawon inci 34, irin tsawon da maƙerin jita Leo Fender ya kafa da jitarsa Precision a 1951, jan da suke yi wa wuyan jita ya haura kilo 70. Sauka zuwa 40 da 100, ko 40 da 95, yana rage wa hannu aiki sosai. Akwai masu cewa siririyar waya ta yara ce, ba ta da nauyin sauti. Ban yarda ba. Amfilifaya aka yi don ɗaga murya, ƙara masa kaɗan ka sassauta yatsa. Ƙarfen ciki ma da bambanci: mai kusurwa shida ya fi tauri, zagayayye ya fi biyayya ko da kaurinsu ɗaya ne.

Wani yaro da ke kaɗa bes a sashen Hausa na wani coci a Agege ya taɓa shigo mana da jita a cikin buhu. Ya ce, "Yaya, a sa mini waya mafi laushi da kuke da ita, hannuna ya kusa mutuwa." Maigidan shagonmu bai ko dubi wajen wayoyi ba. Ya ɗaga jitar ya leƙa ta daga kai kamar mai auna katako, sannan ya zura ɗan yatsansa tsakanin waya da firet na 12, ya shige har da saura. Wuyan ya lanƙwashe. Ya ɗauko alanki ya juya ƙarfen cikin wuyan rubu'in zagaye, ya bar shi ya zauna, ya ƙara kaɗan, sannan ya sauke mazaunin wayoyin har tazarar ta dawo tsakanin milimita 2 da 3. Yaron ya danna ya saki, ya sake dannawa, ya ɗago yana tambaya ko an canza wayar ne. Ba a canza komai ba. Tun daga ranar ba na sayar wa kowa waya sai na ga jitarsa. Haka kuma duk wanda ya sauya kauri, dole a sake duba wuyan, tun da jan ya canza.

Legas na da nata hukuncin. Danshin damina, iskar teku mai gishiri da zufar hannu suna haɗuwa su ci waya da wuri. Tsatsa na fara ɓuya a ƙarƙashin wayar, inda ido ba ya gani, sai yatsa ya ji tana karce shi. Mai kaɗa Afrobeat, wanda zai maimaita layi ɗaya na minti goma ko fiye ba hutu, ya fi kowa sanin wannan. Masu rufin roba irin na Elixir suna daɗewa kuma suna da daɗin taɓawa, ko da yake mai yawan zufa kan ce suna yi masa sulɓi. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya ajiye busasshen tsumma a jakar jita, ya riƙa zura shi ƙarƙashin kowace waya bayan kiɗa, ya wanke hannu kafin ya fara. Wasu na dafa tsofaffin wayoyi a ruwa don sautin ya dawo. Yana dawowa na ɗan lokaci, amma dafuwa ba ta cire tsatsa.

Ga kuma jabu. Fakiti mai kyau, suna babba, farashi rabin na gaske, ka buɗe ka tarar naɗin na da tsini nan da can. In za ka shiga kasuwar Alaba ko wani shago, tafi da wanda ya san kaya, ka duba lambar tantancewa da kamfanin wayoyi na D'Addario ke sawa a ledar ciki. In mai shago na da jita a rataye da irin wayar, roƙe shi ka zauna da ita, ka kaɗa layin da ka saba, ka maimaita shi har hannunka ya yi zafi. Dannawar minti ɗaya ba ta nuna komai, kowace waya daɗi gare ta a farko.