Godiya Bayan Buɗe Rijiyar Burtsatse a Ƙauyenmu

Salama a gare ku, 'yan'uwa na kusa da na nesa.

A madadin kwamitin ruwa na ƙauyenmu da ke ƙasar Michika, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo bikin buɗe rijiyar burtsatse a makon jiya, da waɗanda nisa ya hana amma suka aiko da gaisuwa. Ruwa yana zuba, iyayenmu mata sun huta da sammakon rafi. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Baƙo zai iya cewa, rijiya ɗaya ce ake wa wannan dogon zance? A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Michika. Muka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗi, aka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos. Ikkilisiyar da za mu kai wa kuka ita ma gudun hijira take yi. Da muka dawo mun tarar da rumbuna wayam, ɗakuna babu rufi. Abin da ya fi ƙuna shi ne maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci, har ranar kasuwar Michika ta rabu biyu, Kirista da tasu, Musulmi da tasu.

Cikin wannan hali ma'aikatan sashen agaji na EYN suka fara iso mana, da masara da farko, daga baya da kwanon rufi, da iri da takin zamani. Su nake so in fi daɗewa a kansu. Ranar rubuta sunaye, tambayarsu ita ce mutum nawa ke cin abinci a gidanka, gwauraye da marayu nawa ne a unguwa. Ba a tambayi kowa inda yake sujada ba. Ba zan ɓoye ba, wasu a cikinmu sun yi gunaguni, kuma mutane ne da suka binne 'ya'yansu, ba wanda zai raina zafin da ke ransu. Baba Fasto bai yi musu faɗa ba. Ya tuna mana cewa tun a Littafin Farawa an ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, kuma Yesu ya ce wanda ya shayar da mai ƙishi, shi Yesu ya shayar. Ya ce ikkilisiyar da ta ƙi ɗaukar fansa ba za ta mayar da buhun masara makami ba. Baba, mun gode da haƙurin da ka yi da mu.

Wannan hali gado ne. Tun 1923 da aka yi sujadar farko ta wannan ikkilisiya a gindin tsamiya a Garkida, wa'azi da makaranta da asibiti tare suka taso, domin wanda ya halicci rai shi ya halicci jiki.

Da maganar rijiya ta taso sai ma'aikatan agajin suka kafa mana sharaɗi: yashi da tsakuwa da aikin ƙarfi namu ne, a kafa kwamiti da mata a ciki, Kirista da Musulmi, a haƙa ta inda ba wanda zai ji shi baƙo ne in ya zo da jarkarsa. A ganina wannan sharaɗin ya fi injin haƙan daraja. Wanda kullum ake miƙa masa, wata rana zai manta yana da hannu. Su kuwa sun ɗauke mu a matsayin masu riƙon amanar abin da Allah ya bayar, ba mabarata ba.

Godiya ga Zumuntar Mata da suka ciyar da ma'aikata daga ɗan abin da ke tukunyarsu. Godiya ga Malam Liman, wanda ya yi shela a masallaci, washegari samarinsa suka fito da shebur tare da namu. Godiya ga mai unguwa da ya ba da fili bai karɓi ko sisi ba. 'Yan'uwanmu na Amurka da suka tara baiko saboda mutanen da ba su taɓa gani ba, Allah ya mayar muku da ninki. Masu koyarwar warkar da raunin zuciya, ba don zaman da kuka yi da mu ba, da wannan kwamiti bai iya zama a tabarma ɗaya ba.

Kuɗin gyara da aka amince kowane gida zai riƙa bayarwa duk wata, a kai wa ma'ajiya, kuma za a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. 'Yan'uwanmu da har yanzu ke Yola da Jos da sansanin Minawao a Kamaru, muna sa ku a addu'a, filayenku suna nan ba wanda ya taɓa. Allah ya dawo mana da ku lafiya. Amin.